Jawabin Yaye Ɗaliban Tarihi a Birnin Kebbi: Iyakar da Aka Shata a Faris

  

Turawa sun daɗe suna rabon ƙasar da ba tasu ba. A 1494 Sifaniya da Fotugal suka ja layi a teku suka ce sun raba duniya biyu. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka tsara yadda za a ci Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. Ɗaliban nan sun karanta wannan duka. Abin da ya kamata ya hana su barci shi ne yadda rabon ya faɗo kan Kabi.

A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris, suka kafa tsinke a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, suka kira shi iyaka. Daga baya Faransawa suka koka cewa hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka sake gyara layin a 1904 da 1906. Ƙishirwar ayarin sojan Faransa aka duba. Ba a tambayi Ba'are ko Badende ba. Shi ya sa yau Kangiwa ke Najeriya, Dogon Dutsi ke Nijar, mai fita Kamba zuwa Gaya gaisuwar rasuwa kuwa sai ya bi ta shingen jami'ai.

Labarin Argungu ya fi kowanne nauyi. Tun tawayen Yakubu Nabame a 1849 Kabawa ke fafatawa da Sakkwato da Gwandu. Da Turawan Ingila suka iso, Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, suka ajiye soja a garinsa Argungu a 1902. Ranar 15 ga Maris, 1903, Sakkwato ta faɗi, a watan Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Sama'ila ya tsira da gadonsa, amma yankuna da dama da ke bin Kabi suka koma hannun Faransa. Zaginsa abu ne mai sauƙi ga wanda bai gaji yaƙin shekara hamsin ba. Aikin masanin tarihi shi ne ya auna zaɓin da ke gaban sarkin a lokacin, ya kuma faɗi abin da zaɓin ya jawo.

Waɗanda suka bijire kuwa, a 1906 aka shafe ƙauyen Satiru da bindiga saboda tawaye, Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zarginsa da goyon bayan masu tawayen.

Yawancin wannan labari Bature ne ya rubuta shi a rahoton ofis. Takardun na nan a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ta Yamai, kayan yaƙin Kabawa na Gidan Tarihin Kanta a Argungu, dattawan Arewa da Dendi kuma suna riƙe da abin da kakanninsu suka gani. Jihar Kebbi na roƙon waɗannan ɗalibai su ƙetare iyakar, su zauna da dattawan tun suna raye, su rubuta da Hausa da Zabarmanci.

Allah ya sa albarka a karatunsu.