Ba Kowace Cuta Ce Tsufa Ba

Mai girma Shugaba, dattawanmu, da 'ya'yan Batsari da Safana mazauna birane.

Duk wanda Allah ya ja kwanansa zai ga jikinsa ya sauya. Daga shekara 30 tsoka kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma. Wajen shekara 40 ido kan fara gaza karanta ƙananan rubutu. Hanyoyin jini kan yi tauri, hawan jini ya shigo ba sallama. Mace idan haila ta ɗauke, ƙashinta kan yi rauni.

Damuwarmu ita ce, a Ruma, Wagini, Runka da Zakka, duk abin da ya sami dattijo sai a ce, "Ai tsufa ne." Alhali yanar ido ana cire ta da tiyata a asibitin ECWA na Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, hawan jini kuwa magani na riƙe shi.

Saboda haka, aiken kuɗi kaɗai bai isa ba. Ku zo da kanku, ku kai iyayenku a auna jininsu, a duba idanunsu.

Allah ya sa mu gama lafiya. Wassalam.