Gumakan da ke ƙarƙashin sirdi

Jawabin da aka yi wa ƴan'uwa masu bin Almasihu a taron ƙungiyarmu na bayan kaka.

 

Maganarmu ta yau a kan gumaka take. Wani zai ce, wane gunki kuma ya rage? Gaskiya ne, tun da bishara ta shigo Damagaram a 1924, ta kuma iso ƙasar Maraɗi, kakanninmu da suka ba da gaskiya sun fid da layu da kayan tsafi sun ƙone. Wasu an kore su daga gida, wasu an hana su aure. Su sun ga gumakansu da ido, namu kuwa ɓoye suke.

Ku tuna da Rahila a Littafin Farawa, sura 31. Ta bi mijinta Yakubu, amma ta ɗauke gumakan ubanta Laban, ta sa cikin sirdin raƙumi, ta zauna bisa. Laban ya bincike tanti kaf, bai gan su ba. Haka mutum kan zo majami'a ran Lahadi, yana waƙa, gunkinsa na ƙarƙashinsa.

Na farko, dukiya. Neman abinci a Abijan ko Legas ko Arlit ba laifi ba ne. Amma akwai mai shekara biyar can, ba sujada, ba aike gida, kullum sai na ƙara tarawa. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga garke ya ƙare a gaban mai shi. A watan Janairu na 1994 kuma, faran guda na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin, dare ɗaya. Abin da fari ke kashewa, abin da alƙalami ke rage wa daraja, ba madogara ba ne.

Na biyu, takarda da muƙami. Mu malaman lakkol muna ganin uban da ya san makin ɗansa na lissafi, bai taɓa tambaya ko yaron ya iya addu'a ba. In jarrabawa ta gabato, sai a bi dare zuwa wurin boka.

Na uku, salula. Mutum na farkawa, hannunsa ya kai gare ta tun bakinsa bai ambaci Allah ba. Akwai jika ta sayen kati, babu dala ashirin ta baiko.

Ba mu ce abubuwan nan mugaye ba ne. Macijin tagulla ma, Allah ne ya umarci Musa ya ƙera shi don ceton waɗanda macizai suka sara. Amma da jama'a suka shiga ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi. Kyautar Allah, in ta hau kujerar Allah, ta zama gunki.

Yaya za mu gane namu? Kowa ya tambayi kansa: wurin wa nake fara gudu in masifa ta zo? Mene ne zan yi ƙarya dominsa? Mene ne in an raba ni da shi zan ce rayuwa ta ƙare?

A sura 35, Yakubu ya tara gumakan gidansa duka, ya binne su gindin wani icce kusa da Shekem, sannan ya nufi Betel. Mu ma mu yi haka. Maigida ya tara iyali a yi addu'a kafin a taɓa salula. A fid da damin Allah, ɗaya cikin goma, tun hatsi bai shiga rumbu ba. Ɗan ci-rani ya nemi majami'a a Lahadinsa ta farko. Mai laya ɓoye ya kai ta wurin dattawan ikilisiya, su kuma su rufa masa asiri.

Ba a hawan doki biyu. Allah shi ba mu zuciya guda. Amin.