Burauza da Manhajar Imel: Daga Ina Sauri Yake Zuwa?



An nemi in yi magana a kan wace burauza ce ta fi sauri, wace manhajar imel ce kuma ta fi biyan buƙata. Bari in fara da abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke karanta shafi su zana shi a fuskar waya, manyansu uku ne kacal: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Chrome, wadda ta fito a 2008, a kan Blink take tafiya yau. Opera ta ajiye nata injin, Presto, a 2013 ta koma can. Microsoft ta bi sahu a 2020 da sabuwar Edge, ta kuma yi wa Internet Explorer ritaya a 2022. Brave da Samsung Internet duk 'yan gida ɗaya ne. Tamkar motoci ne da aka yi wa fenti daban-daban, amma in ka ɗaga bonet inji iri ɗaya za ka tarar. A iPhone kuwa, a ƙasashenmu, ko Chrome ka sa ko Firefox, WebKit ne ke aikin, domin haka Apple ta sharɗanta.

To, ina jinkirin yake fitowa? Daga sabis, daga ƙarfin wayar, sannan daga nauyin shafin kansa. Rubutun labari bai kai ya kawo ba. Abin da ke cinye data shi ne hotuna, bidiyon da ke kunna kansa, tallace-tallace, da 'yan manhajojin da ke bin sawunka don sanin abin da kake dubawa. Chrome tana ware wa shafuka wurin aiki daban-daban, don kada ɗaya ya lalace ya ja sauran. Dabara ce mai kyau ta fuskar tsaro, sai dai tana cin ƙwaƙwalwa, kuma mai ƙaramar waya shi ke ji a jikinsa.

Shi ya sa Opera Mini ta samu karɓuwa a Najeriya. Kwamfutocin kamfanin ne ke fara ɗauko shafin, su matse shi, sannan su turo maka. Datar ɗalibi takan yi auki. Amma a matakin matsewa mafi tsanani, duk abin da ka rubuta ta hannunsu yake bi, kuma wasu fom sukan ƙi aiki. Don karanta labarai, madalla. Don harkar banki ko rajistar jarrabawa, ban ba ku shawara ba.

A nan ne nake fifita Firefox. Google, wanda mafi yawan kuɗin shigarsa daga talla suke, ya sauya ƙa'idojin Chrome har cikakkiyar uBlock Origin, mai toshe talla, ta daina aiki a kanta. A Firefox tana nan tana aiki, har a wayar Android. Shafin da aka sauke wa talla yakan buɗe da wuri, ya kuma rage cin data. Gaskiya ne Mozilla, mai Firefox, ita ma mafi yawan kuɗinta daga Google suke zuwa, ladan sanya shi a matsayin injin bincike, kuma wannan abin damuwa ne. Duk da haka, ranar da Gecko ya mutu, kamfanoni biyu ne za su riƙa yanke yadda duniya za ta ga intanet.

Sai imel. Gmail ta zo a 2004 da wurin ajiya na gigabait 1, yau tana ba da 15 kyauta, waɗanda ake rabawa da Drive da Photos. Wajen bincike da tace saƙon banza, da wuya a ja da ita. Outlook ta fi dacewa da ofishin da ke haɗa kalandar ma'aikata wuri guda. Amma malamin da ke duba aikin ɗalibai a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, Thunderbird ce tasa. Kyauta ce, tana haɗa akwatuna da yawa a fuska ɗaya, tana sauko da wasiƙu cikin kwamfuta. Ka karanta, ka rubuta amsa ba tare da sabis ba, in ya dawo ka tura. Tun 2020 tana ɗauke da OpenPGP na kulle saƙo, a 2024 kuma ta iso Android. Kamanninta ba su kai na Gmail sauƙi ga sabon shiga ba, sai an ɗan zauna da ita.

Roƙona ga masu kula da ɗakunan kwamfuta na makarantunmu shi ne su sa Firefox kusa da Chrome, su sa Thunderbird, su kuma nuna wa ɗalibai yadda za su gwada su da kansu, a shafi ɗaya, da sabis ɗaya.