Tambayar da Louis Braille Ya Yi wa Kan Yatsansa



An saba, in za a ba da labarin wanda ya yi fice duk da wata naƙasa a jikinsa, a tattara komai a kan haƙuri da jajircewa, a yi tafi, a watse. Haƙurin gaskiya ne, amma masu haƙuri suna da yawa, masu ƙirƙira kuwa kaɗan ne. Abin da ya bambanta na biyun shi ne sun zauna sun auna iyakar da jikinsu ya gindaya musu, sannan suka mayar da ita tambayar aiki wadda za a iya nemo wa amsa.

An haifi Louis Braille a 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Faris. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Louis yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da wani makamin aiki mai tsini a shagon uban, ciwon ya harbi ɗaya idon, ya makance gaba ɗaya. A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Faris, wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan makarantar haruffan boko ne manya da aka tusa su yi tudu a kan takarda. Yaro zai bi kowane harafi da yatsa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Rubutawa da kansa kuwa, ba a ma maganarta. Masu ido ne suka tsara abin, kuma idonsu suka tuntuɓa.

A wajejen 1821 ɗaliban suka san tsarin wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, wanda ya bar siffar haruffa ya koma ɗige-ɗige masu tudu, har goma sha biyu a gida guda. Braille ya gane alfanun ɗigon nan take, ya kuma gane inda gizo ke saƙa: gidan ya yi wa kan yatsa tsawo, sai an ja shi sama da ƙasa kafin a gane alama ɗaya. To, nawa ne yatsa zai iya ji a taɓawa guda ba tare da ya motsa ba? Amsar da ya samu ita ce shida, uku a hagu, uku a dama. Ɗigo shida suna ba da alamomi 63, waɗanda suka isa haruffa da lambobi da alamomin rubutu, har da rubutun kiɗa, domin shi kansa makaɗin coci ne. Yana da shekara 15 ya kammala ƙashin tsarin a 1824, ya buga shi a 1829.

Hukuma fa ba ta yi gaggawar karɓa ba. Akwai lokacin da shugaban makarantar ya hana amfani da rubutun, yara suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye. Tarin fuka ya kashe Braille a 1852, sai a 1854 aka amince da tsarin nasa a hukumance. Wannan kaɗai ya isa ya sa masu cewa naƙasa baiwa ce su rage murya. Hasara ce, mai ita ya fi kowa sani, kuma sau da yawa masu lafiya ne ke ƙara mata nauyi.

Ba Braille kaɗai ba ne. Django Reinhardt, makaɗin jita ɗan ƙabilar Roma, gobara ta kama shi a keken dokin da yake kwana a ciki a 1928, ta shanye masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun hagu, hannun da ake danna tsirkiya da shi. Ya sake koyon kiɗan daga tushe, yana zirga-zirga a wuyan jitar da yatsu biyu. Salon da ya fito daga wannan tilas shi ne ya ɗaga ƙungiyar da suka kafa da makaɗi Stéphane Grappelli a 1934, kuma har yau masu yatsu cikakku na wahalar kwaikwayonsa.

A nan gida akwai Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya rasu a 1990. Ba shi da takardar da zai koma ya duba, don haka a ka yake tsara baiti, ya daidaita karinsa da amsa-amonsa yadda zai zauna a ƙwaƙwalwa, wasu su rubuta. Baitin da ya zauna a kan mai shi yakan zauna a kan mai sauraro, shi ya sa waƙarsa Imfiraji ta bi bakin makafi da almajirai ta shiga kasuwanni da tashoshin mota, inda littafi bai cika zuwa ba.

Waɗanda shan-inna ta taɓa ma sun yi irin wannan lissafi. A 1988 Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu. Allon katako mai ƙananan tayoyi da ake gani a bakin danja ana bara da shi, shi ne ya zama abin shiga fili. Ɗan wasa na zaune a kai, yana tura kansa da hannu, yana bugun ƙwallo da hannu, a kan daɓe mai santsi maimakon ciyawa da za ta riƙe taya. Wasan yana da dokokinsa da alƙalansa, kuma ƙungiyoyin jihohi suna karawa a gasa ta ƙasa.