TAKARDAR NEMAN AIKI: JAWABI GA SABABBIN INJINIYOYINMU

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya gabatar wa matasan Arewa mazauna Ikko.



Ni dai ba injiniya ba ne, aikina gyaran rubutu a gidan jarida. Amma da yake ƙannenmu sukan kawo mini takardunsu na neman aiki in duba musu, na ga ya wajaba in faɗi abin da na lura da shi. Yaro ya yi shekara 5 a jami'a a Zariya ko Kano ko Bauci, mahaifinsa yana sayar da amfanin gona yana biya. Ya gama bautar ƙasa, ya gangaro Ikko ko Fatakwal, ya aika da takarda wuri ashirin, shiru kake ji. Daga baya sai ka tarar da shi yana jiran shagon kawunsa a Agege, yana cewa aiki sai da hanya. Ba na musun akwai son kai a ƙasar nan, amma sau da yawa takardar ce ta kayar da shi tun ba a ga fuskarsa ba.

Takardar da nake nufi ita ce ta tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira si-bi. Yawancin waɗanda na gani, shafin farko ya ƙare ne a kan sunan gari, ƙaramar hukuma da makarantar firamare, sa'an nan a ce "mai gaskiya, mai ƙwazo". To, kowa haka yake rubutawa. Jami'in ɗaukar ma'aikata, da tulin takardu a gabansa, tambaya ɗaya yake yi: me hannun wannan yaro ya taɓa yi?

Wani zai ce, "Ai ban taɓa aiki ba." Ka taɓa. Tun 1973 hukumar ITF ta kafa shirin SIWES, wanda yake tura ɗalibai masana'antu, kuma ɗalibin injiniya na jami'a yakan yi wata 6 a ciki. Mai ƙaramar difloma yakan yi shekara guda yana koyon aiki kafin ya koma babbar difloma. Ga aikin binciken shekarar ƙarshe, ga shekarar bautar ƙasa. Waɗannan su ne jarinka, su za ka ɗora a sama.

Yadda za ka rubuta su kuwa shi ne muhimmi. Kada ka ce kawai, "Na yi horo a wata masana'anta." Ka ce, a misali, "Na yi wata 6 cikin masu kula da janareta 3, ina canza mai da matata, ina rubuta rahoton kowane mako." Ka faɗi sunan na'urar, da yawanta, da abin da aka samu. Gani ya kori ji.

Na biyu, kada ka aika wa kowa takarda iri ɗaya. Abin da matatar man Dangote ta Lekki, wadda aka buɗe a 2023, take nema dabam ne da na kamfanin gina hanya. Ka karanta sanarwar aikin da kyau, ka fito da abin da ya dace da ita, da kalmomin da suka yi amfani da su, domin wasu manyan kamfanoni kwamfuta ce take fara tace musu takardu.

Na uku, ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya. In ka rubuta ka iya AutoCAD ko MATLAB, ranar ganawa za a iya ajiye maka kwamfuta a ce bismilla, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Haka kuma kada ka liƙa wa sunanka laƙabin Injiniya tun hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ba ta yi maka rajista ba. Abin da ya fi maka shi ne ka shiga Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda take nan tun 1958, a matakin sababbin masu digiri, ka rubuta hakan.

Sauran ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Takarda kada ta wuce shafi 2. Ka sa lambar waya mai shiga, da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na yanka. Ka nemi izinin malaminka da wanda ya koya maka aiki kafin ka sa su shaidu. Ka ba wani ya duba maka Turancin. Kada ka ɓoye Hausarka, domin kamfanin da ke da kwangila a Arewa yana bukatar mai iya magana da leburori da masu unguwa. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗi ya sama maka aiki, ka guje shi.

A ƙarshe ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin rassan jam'iyya na unguwanni, da yayyenmu da suka riga suka samu aiki, su ware rana guda a wata su zauna da yaran nan su duba musu takardu. Da ɗan gari akan ci gari.

Allah ya ba kowa sa'a.