Madubi Mai Sanyi Muke Bukata, Ba Mai Faɗi Ba

   Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Ranar 29 ga Afrilu, 2013, ruwan heliyom da ke sanyaya na'urar hangen nesa ta Herschel ya ƙare. Lita wajen 2,300 aka zuba mata kafin a harba ta a watan Mayun 2009, ya yi ta tururi a hankali har ya ƙafe, zafin kayan awonta ya fara hawa, aiki ya tsaya. Tana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, babu mai iya zuwa ya ƙara mata. Tun daga wannan rana babu wata na'ura a sararin samaniya da ke kallon taurari da hasken infirared mai dogon zango, wato daga kimanin maikiron 30 zuwa 300. Jirgin SOFIA na Amurka da Jamus, Boeing 747 da aka huda wa ciki aka sa masa madubi, ya ɗan riƙe mu na wani lokaci, shi ma aka ajiye shi a Satumbar 2022. Abin da na zo faɗa yau shi ne wannan giɓi ya yi yawa, kuma hanyar cike shi ita ce madubin da aka sanyaya har kusa da ƙarshen sanyi, ko da bai kai na Herschel faɗi ba.

Ba zan ɓata muku lokaci kan yadda tururin ruwan da ke cikin iskarmu yake shanye wannan haske kafin ya iso ƙasa ba. Kun san wannan. Abin da ake yawan mantawa shi ne nauyin abin da ke cikin giɓin. Ƙurar da ke tsakanin taurari tana shan haskensu, ta ɗan ɗumama zuwa digiri 20 ko 30 a ma'aunin Kelvin, sannan ta sake fitar da shi a zangon maikiron 100 zuwa 150. Da aka tace bayanan tauraron ɗan Adam na COBE a 1996 da 1998, sai ya bayyana cewa kusan rabin duk hasken da taurari suka taɓa fitarwa ta wannan hanya yake iso mana. Rabi fa! Akwai damin taurari irin su Arp 220 da ke fitar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsu a infirared. Mai duba su da hasken da ido ke gani bai ga komai ba sai gefen tufafinsu.

Wasu abokan aikinmu, har da waɗanda nake ganin girmansu, suna cewa na'urorin hangen nesa na James Webb da ALMA sun wadatar. Ba su wadatar ba. Webb yana tsayawa a maikiron 28. ALMA, duk da tana kan tudun Atakama a Chile mai tsawon mita 5,000, ba ta fara gani sai wajen maikiron 300. Tsakanin biyun akwai tazara ninki goma, kuma a cikinta layin oksijin na maikiron 63 yake, da na kabon na 158, da na ruwa na 179. Za a ce ALMA tana kama layin kabon daga damin taurari masu nisa ƙwarai, domin faɗaɗar sararin duniya ta ja zangonsa ya yi tsawo. Gaskiya ne, amma na can ƙurya kaɗai. Na kusa da mu, da wuraren da ake haifar taurari a cikin daminmu, ba ta ganinsa.

Yanzu ga rigimata da masu son girman madubi. Madubin Herschel mita 3.5 ne, shi ne mafi faɗi da aka taɓa harbawa a zamaninsa. Sai dai heliyom ɗin nan kayan awo kawai yake sanyayawa. Shi madubin an bar shi ya huce da kansa a inuwa, ya tsaya a wajen Kelvin 80. A wurinmu wannan sanyi ne mai daskarar da komai, amma a wurin infirared mai dogon zango madubi mai Kelvin 80 yana walƙiya, kuma a daidai zangon da ake son aunawa. Tamkar mutum ne yake neman hango wutar makiyaya a can dawa cikin dare, alhali fitilar a-ci-bal-bal na ci a gaban idonsa. Ba ƙarin ido yake bukata ba, a kashe masa fitilar. Idan aka sauke madubi zuwa Kelvin 4.5, haskensa yana faɗuwa ƙasa da na ƙurar sararin kanta, sai ya zama abin da ke iyakance awo shi ne sama, ba na'ura ba. A wajen rarrabe layukan haske, ribar tana kai ninki ɗari ko fiye. Ku kuma tuna lissafin: na'urar da ta fi wata ji sau goma tana gama aikin da sauri sau ɗari. Abin da Herschel za ta kwana tana sauraro, madubi mai sanyi zai ji shi cikin daƙiƙoƙi.

An taɓa harba madubai masu sanyi, amma ƙanana: IRAS a 1983 santimita 57, ISO a 1995 santimita 60, Spitzer a 2003 santimita 85. An harba babba mai ɗumi, wato Herschel. Ba a taɓa haɗa girma mai ma'ana da sanyi a na'ura ɗaya ba. Turai da Japan sun yi shekaru suna tsara SPICA, mita 2.5 a Kelvin 8, sai aka soke ta a Oktoban 2020 kan batun kuɗi, tun kafin a kammala gasar da take ciki. Har yau ina ganin wannan hukunci kuskure ne. A 2021 kwamitin da ke tsara wa Amurka abin da za ta sa gaba a shekaru goma ya fifita na'urar neman duniyoyi masu kama da tamu, aka jingine na'urar infirared ta Origins mai madubin mita 5.9. Kowa na son hoton wata duniya mai shuɗin teku. Amma yadda ake ƙera duniyoyin tun farko, an bar shi a baya.

A nan zan ɗan zauna, domin wannan ita ce hujjar da ta fi kwanta mini. Tauraro sabon haihuwa yana zagaye da faifan iskar gas da ƙura, kuma daga wannan faifai duniyoyi suke fitowa. Tambaya ta farko da kowane ɗalibi zai yi ita ce: nawa ne nauyin faifan? Idan ba ka san yawan kayan ba, ba ka san ko za su isa a gina duniya irin Jupita ba, ko cikin wane lokaci. To, wannan tambaya mai sauƙi har yau ba mu da amsarta yadda ya kamata. Mafi yawan nauyin faifan haidurojin ne mai atom biyu, kuma idan ya yi sanyi ba ya fitar da hasken da za a auna. Sai muka koma zagaye. Wasu suna auna ƙurar, su ninka sau ɗari, bisa zaton cewa gas ya fi ƙura nauyi sau ɗari kamar yadda yake a tsakanin taurari. Amma a cikin faifai ƙurar tana dunƙulewa ta zama tsakuwa, ta gangara ciki, ta ɓuya. Wasu suna auna kabon monoksaid. Shi kuma da sanyi ya kai wajen Kelvin 20 sai ya daskare a jikin ƙura, ko ya rikiɗa ya zama wani sinadari. Ku dubi TW Hydrae, tauraron da ke nisan shekarun haske kusan 200, wanda faifansa yana cikin waɗanda aka fi nazari a kai. Ƙiyasin nauyinsa da aka buga ya taso daga 0.0005 na nauyin rana har zuwa 0.06. Bambancin ya wuce ninki ɗari, a kan faifai ɗaya, a hannun ƙwararru.

Mafita tana wurin wani ɗan'uwan haidurojin, wanda ɗaya daga atom biyunsa diyutiriyom ne, muna kiransa HD. Kimanin ɗaya ne cikin dubu talatin, kuma an san wannan adadi da kyau, domin diyutiriyom a mintunan farko na halittar sararin duniya aka samar da shi. HD ba ya daskarewa, duk inda haidurojin ya je yana tare da shi, kuma saboda atom biyunsa ba su yi daidai ba yana fitar da haske a maikiron 112. Edwin Bergin da abokan aikinsa sun juya na'urar PACS ta Herschel ga TW Hydrae, suka ga ɗan tudu a kan wannan zango, suka buga sakamakon a 2013. Faifan ya kai aƙalla 0.05 na nauyin rana, abin da zai yi Jupita hamsin, a jikin tauraron da ya kai shekara miliyan goma, wanda ake zaton lokacin haihuwarsa ya wuce. A 2016 aka ƙara samun layin a faifai biyu, DM Tau da GM Aur. Shi ke nan. Faifai uku, ma'auni ya mutu. Yau muna da duniyoyi sama da dubu biyar da aka tabbatar suna zagaya wasu taurari, amma faifan da muka auna da wannan ma'auni uku ne. Masu suka suna cewa hasken HD ya dogara da zafin gas ɗin, don haka shi ma ƙiyasi ne. Haka ne, amma akwai layi na biyu a maikiron 56 da ke taimakawa wajen gane zafin, kuma kuskuren ninki biyu ko uku ba ɗaya yake da na ninki ɗari ba. Maikiron 112 kuwa Webb ba ya kai wa can, ALMA ba ta saukowa nan, iskar duniya ta toshe shi.

Batun ruwa ma haka yake. A 2011 na'urar HIFI ta Herschel ta ga tururin ruwa mai sanyi a faifan TW Hydrae, ta kuma auna ruwan tauraro mai wutsiya Hartley 2 ta same shi da diyutiriyom daidai da na tekunmu. A 2014 kumbon Rosetta ya auna wani, 67P, ya samu fiye da ninki ukun na tekunmu. Ba za a san inda ruwan duniya ya fito ba sai an auna taurari masu wutsiya da yawa.

Abin da ke kan tebur shi ne na'urar hangen nesa mai suna PRIMA. A Oktoban 2024 NASA ta zaɓe ta tare da wata na'urar hasken eksire mai suna AXIS, kan cewa ɗaya za a gina da kuɗin da bai wuce dala biliyan ɗaya ba, a harba a 2032. Madubinta mita 1.8 ne a Kelvin 4.5. Tana da kayan awo biyu. FIRESS tana rarrabe haske daga maikiron 24 zuwa 235, ita ce za ta nemo HD da ruwa a faifai fiye da ɗari, ta kuma bi sawun yadda taurari da manyan baƙaƙen ramuka suka girma tare cikin damin taurari masu ƙura. PRIMAger kuma tana ɗaukar hoto, tana auna karkatar hasken ƙura, wanda ke nuna inda maganaɗisun girgijen gas ya dosa. An ce madubin ƙarami ne, hotonsa zai fi na Herschel dishi-dishi da kusan ninki biyu, damin taurari za su cakuɗe. Na yarda, a hoto. A layukan haske kowane dami yana da nasa zangon, ana raba su.

Abin da ya sa wannan ya yiwu yanzu shi ne sabon idon na'urar, wanda masu bincike a Caltech da JPL suka bayyana a 2003, ana kiransa KID. Ɗan siririn zanen alminiyom ne a kan faranti, an sanyaya shi zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na digirin Kelvin, inda lantarki ke bi ta cikinsa ba turjiya. An naɗe shi yadda yake amsa mitar rediyo guda ɗaya tak. Idan haske ya faɗa masa, sai ya raba wasu elektaron da ke tafiya bibbiyu, mitar ta ɗan goce, a auna gocewar. Kowanne da mitarsa, don haka waya ɗaya tana karanta ɗaruruwa har zuwa dubu. Kyamarar SPIRE ta Herschel ido 270 gare ta. NIKA2, da ke aiki da KID a kan madubin mita 30 a Sifen, tana da kusan dubu uku. Sanyin kuma inji ne zai samar da shi, ba tankin heliyom mai ƙarewa ba. Na Webb yana riƙe ɗaya daga kayan awonsa ƙasa da Kelvin 7, na XRISM ta Japan yana kai 0.05. Ba mafarki ake yi ba, kayan suna sama suna aiki.

Za ku ce mu ina ruwanmu? Ba na cewa Nijeriya ko Nijar su harba irin wannan na'ura. Amma na daɗe ina faɗa wa abokan aiki cewa ilimin taurari a Afirka ya fi karkata ga rediyo. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT a 2018, Ghana ta mayar da tsohon farantin sadarwa na Kuntunse na'urar sauraron sama a 2017, kuma abin yabo ne. Sai dai rediyo yana bukatar fili da faranti da kuɗi. Infirared mai dogon zango babu ƙasar da ke da shi a gida. Mai bincike na Turai da na Kano duk daga rumbun bayanai suke sauko da shi. Rumbun Herschel a buɗe yake kyauta, da awon sa'o'i dubbai, kuma ba a gama tace shi ba. Ina roƙon shugabannin sassan fizis da ke nan su riƙa ba ɗaliban digiri na biyu aiki a kan waɗannan bayanai, maimakon maimaita awon hasken rana a kan rufin sashe kowace shekara. A dawo da darasin rarrabe haske da na fizis ɗin matsanancin sanyi cikin manhaja, a koyar da su da lissafinsu. Malaman injiniyan lantarki kuma su lura cewa karanta KID aikin mitar rediyo ne da tace sigina, ana iya koyonsa a kan teburin gwaji ba tare da heliyom ba. An tsara PRIMA ne yadda mafi yawan lokacinta zai tafi ga masu neman awo daga waje, ta hanyar gasar takardu. Ɗalibin da ya fara da rumbun Herschel bana, shi ne zai iya rubuta irin wannan takarda a 2032, kuma ina so ta fito daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu.