Abubakar Imam da Darajar Ƙagaggen Labari



Mun taru yau a Araba don mu tuna da marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a Zariya a 1981. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar labarin aljannu da tsuntsaye masu magana tamkar tatsuniyar yara, wadda bai kamata mai ilmi ya ɓata lokacinsa a kanta ba. Rayuwar wannan bawan Allah ta isa ta warkar da mu daga wannan zato.

A 1933 ne hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam yana malamin Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, watau tsaranmu ne, ya aika da Ruwan Bagaja. Littafin ya shiga sahun waɗanda suka ci gasar, tare da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labari ne na wani da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya sha fama da Malam Zurƙe, har ya kai ƙasar aljannu. Amma duk wanda ya karanta da natsuwa zai ga halayen mutanenmu ne ake wa ba'a: malaman tsibbu, da alƙalai, da 'yan damfara.

Wannan nasara ce ta kai shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, sannan a 1939 ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Labaran da aku yake bayarwa a Magana Jari Ce, da dama an ɗauko tushensu daga Larabawa, da Indiyawa, da Turawa. Mu da muke zaune bakin iyaka, muna ganin kaya suna ƙetarowa daga Birnin Ƙonni kullum, mun san ba aibu ba ne shigo da abin waje. Gwanintar Imam ita ce ya ɗinka wa baƙon labari riga irin tamu, har ya zama ɗan gida.

Wasu sun bi sawunsa. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya, a shekarar da Amurkawa suka taka wata. Ita kuwa Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da ta ci kyautar Hugo a 2016, ta kafa ɗaya daga cikin labaranta a Nijar ta shekarar 2070, amma da Turanci.

To, 'yan'uwa, wa zai rubuta mana Araba ta gobe da Hausa? In mun ƙi, wasu za su yi mana da harshensu. Imam bai jira ya yi furfura ba kafin ya ɗauki alƙalami, mu ma kada mu jira.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa mu dace. Wassalam.